Kundin aiki: taswirar gonakin inshora a kwarin Haɗejiya, 2024

26 ga Fabrairu

Na buɗe wannan kundi ne don kada in manta yadda abubuwa suka bi juna, domin na san kaina. Aikin da aka ba mu, ni da abokiyar aikina da wasu malaman gona a Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya da Kirikasamma, a baki ba shi da wuya. Akwai manoman shinkafa da suka karɓi bashin noma wanda aka haɗa masa inshora. Kamfanin inshorar yana so ya san inda gonar kowannensu take a taswira, ta yadda idan ruwa ya zo, za a san waɗanda ya ci cikin kwanaki.

Dalilin aikin shi ne ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A wancan karon jami'an tantance asara sun riƙa bin ƙauyuka da takarda a hannu suna cigiyar mutane, kafin su kai wata gonar ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, ba abin da za a nuna musu sai rantsuwa. Ni abin da na sa a gaba shi ne kuɗin diyya ya shiga hannun manomi kafin tsakiyar Nuwamba, lokacin da ake fara shukar alkama. Wanda damina ta cinye, rani ne kaɗai zai fanshe shi, kuma rani ba ya jiran takarda.

12 ga Maris

An fara azumi jiya. Yau na ɗora jerin sunayen da kamfani ya turo a kan QGIS, manhajar zana taswira, na zauna ina kallon ikon Allah.

Wasu gonakin sun faɗa cikin teku, kudu da Ghana. Wannan ba sabon abu ba ne: idan wayar wakilin da ke rajistar manoma ba ta kama tauraron GPS ba, sai ta rubuta sifili da sifili, wurin da sifili ya haɗu da sifili kuwa a tsakiyar ruwan mashigin Gini yake. Irin waɗannan ba su dame ni ba, tunda kowa ya gani ya san kuskure ne. Waɗanda suka ba ni tsoro su ne wasu da na tarar a wajen Gombi, can Adamawa. Haɗejiya tana kusan daraja 12 da rabi arewa, 10 gabas. Wani ya juya lambobin, ya sa na gabas a gurbin na arewa, sai ga gonar ta sauka a 10 arewa, 12 da rabi gabas, har yanzu cikin Najeriya, a kan ƙasa busasshiya. Babu manhajar da za ta yi ƙorafi a kan haka.

Babban ciwon kan dai shi ne tarin ɗigo da suka hau kan juna a wuri guda. Na ƙara girman hoton, sai ga inuwar wata bishiya a tsakiyar gari. Ashe wakili ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa, manoma suka yi layi, yana rubuta suna yana danna waya. Ba na ganin laifinsa sosai, a kan kowane kai ake biyansa, ba a kan tafiyar da ya yi ba. Amma garin a kan tudu yake, gonakin kuma suna fadama, tafiyar kilomita biyu ko uku. Idan muka bi wannan taswira, ko ruwa ya shafe fadamar gaba ɗaya, za ta ce mana kowa lafiya lau.

Na rubuta wa kamfani cewa sai an sake ɗaukar komai, a cikin gona, da ƙafa.

23 ga Afrilu

Mun fita bayan Sallah. Tsarin da muka tsayar: malamin gona da mai gona su zagaya iyakar gonar tare, waya na ɗaukar zagayen a KoboToolbox, manhajar cike fom, a tsaya a kowace kusurwa har lambar kuskure ta sauko ƙasa da mita 5. A fili babu gini, GPS ɗin waya yana kaiwa haka ba wahala. Sai a ɗauki hoto ɗaya, mai gona a tsaye cikin gonarsa.

Rana ta farko wani dattijo ya ƙi tashi daga tabarmarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, gonar za mu je mu auna."

Ya ce, "Yaro, wa ya aiko ku? Duk wanda ya taɓa auna mini gona, ko haraji ya biyo baya ko rabon gado."

Na yi masa bayani iya iyawata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To shi tauraron naku, idan yana ganin gonata, yana ganin cikin gidana ke nan?"

Na buɗe masa hoton garinsu a waya, ya ga rufin kwano kamar ƙwayar gero, ba a ko gane mutum. Ya yi dariya, ya kira jikansa ya ce ya kai mu. Tambayarsa ta sa na sauya takardar neman izini. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai mutum ya san me za a yi da bayanansa, amma takardar da muka zo da ita Turanci ce, shafi biyu. Yanzu jimla huɗu ce da Hausa, ana karanta wa mutum, ya amsa da bakinsa a naɗa: wurin gonarka za mu ɗauka, don inshora kaɗai, ba za a bai wa hukumar haraji ko dillalan fili ba, kana iya cewa a goge.

Tambaya ta biyu da ake yi mana kusan kowane gari ita ce ko inshora halal ce. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa. Nakan ce akwai tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, su tambayi malamansu, su kuma tambayi wanda ya ba su bashin wane iri ne nasu.

15 ga Mayu

Iskar farkon damina ta kwashe rufin wani sito da kamfanin ke wa inshora, aka tambaye mu ko za mu iya tabbatarwa daga sama. Ba za mu iya ba. Guguwar da ta ɗauke rufin nan ta bar na maƙwabci, hotunan kyauta da muke amfani da su ba su kai wannan ƙanƙantar ba. Na ce su tura mutum da babur. An wuce wurin.

25 ga Yuni

Mako biyu muna jayayya da ofishin kamfani a kan abu ɗaya, kuma ina ganin ita ce jayayya mafi muhimmanci a duk aikin.

Su abin da suka fi so shi ne inshorar ma'auni: a duba yawan ruwan saman da tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta a yanki, idan ya gaza wani adadi ko ya wuce wani adadi, a biya kowa, ba sai an je gona ba. Na gane dalilinsu. Yana da sauƙi, ba a kashe kuɗin mota da na jami'ai, kuma a kan fari yana aiki. Da irin wannan tsari ne hukumar inshorar bala'o'i ta Tarayyar Afirka, ARC, ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya dala miliyan 26 a farkon 2015 bayan ruwa ya yi ƙaranci. Bayanan ƙiyasin ruwan sama na CHIRPS da suke son amfani da su ma suna da tarihi tun 1981, kuma kyauta ne.

Amma kowane murabba'i na CHIRPS kusan kilomita 5 da rabi ne ta kowane gefe, wajen hekta 3,000 ke nan a lamba ɗaya. A cikin murabba'i guda akwai mai gero a jigawa yana roƙon ruwa, akwai mai shinkafa a kwari yana roƙon a sassauta. Wannan ma ƙaramin abu ne. Ruwan da ke cin gonakin Auyo da Haɗejiya yawanci ba a kansu yake sauka ba. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, a samansu akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Ana iya yin mako babu ko yayyafi a Kirikasamma, sama garau, mutum ya wayi gari ruwa ya kai masa gwiwa, saboda hadarin da ya zuba a kudancin Kano kwanaki da suka wuce. Ma'aunin ruwan sama zai ce babu abin da ya faru.

Na ce wa shugaban sashen, "Ranka ya daɗe, idan muka hana mutum diyya yana tsaye cikin ruwa don kwamfuta ta ce ba a yi ruwa ba, baɗi ko kyauta muka kai inshora garin nan ba mai karɓa." Mun tsaya a tsakiya: ma'aunin ruwan sama don fari, hoton ruwan da ya kwanta a ƙasa don ambaliya, da idon mutum a kan duk wadda ake shakka.

16 ga Yuli

Hadari ya rufe sama, Sentinel-2, tauraron da ke ɗauko mana hotuna, ya zama makaho. Kyamara ce, abin da ido ke gani take gani, a Yuli da Agusta kuwa gajimare kawai take ɗaukowa. Dogaronmu yanzu Sentinel-1 ne, na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda ke aiki da rada. Yana harba sigina ƙasa ya saurari abin da ya dawo, dare ko rana, da hadari ko babu. Ruwa kwantacce kamar madubi yake, siginar na zamewa ta tafi wani gefe, sai wurin ya fito baƙi. Kowane ɗigo mita 10 ne sau 10, gonar rubu'in hekta ɗigo 25 ke nan. Ba yawa, amma ana iya aiki da shi.

Abubuwa biyu sun yaudare ni. Na farko rairayi: busasshen yashi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa, hoton watan Afrilu ya nuna mini tafkuna a kan tudun da ko rijiya sai an sha haƙa. Na biyu kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗejiya har Nguru. Ruwa na ƙarƙashinta, amma siginar na bugun ruwan ta bugi karan ta dawo da ƙarfi, sai wurin ya yi haske kamar busasshiyar ƙasa. Shinkafar da ta yi tsayi ma haka za ta yi mana.

Na gwada taswirar tudu da kwari ta mita 30 don in san gonakin da ruwa zai fara shiga. Ba ta yi ba. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, bambancin tsayi na taku ɗaya ko biyu ne ke raba wanda zai girbe da wanda zai yi kuka, kuskuren taswirar kuma ya fi haka. Sai muka buga hoton kowace fadama a babbar takarda, muka shimfiɗa a gaban sarkin noma da masunta, muka ba su alƙalami. Wani masunci ya ja layi ya ce, "Nan yake fara karyowa, idan jingar can ta ɓalle. Shekarar da ta wuce waccan, ta nan ya bi." Na dawo na duba hotunan Satumbar 2022 a rumbun Sentinel-1, layinsa ya hau kan bakin ruwan kusan daidai. Na shigar da layukansu cikin taswira a matsayin shafi na musamman.

5 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa, dokar hana fita a Kano da Jigawa, ba wanda ya je ko'ina. Na yi amfani da zaman gidan na gyara sunayen da suka maimaitu. Muhammad, Muhammadu, Mamman da Moh'd, a gari ɗaya, da uba mai suna ɗaya. Iyakar gona ce ta raba mini su, inda lambar waya ta kasa.

22 ga Agusta

Ruwa ya zo. Tun makon jiya malaman gona ke kira, wani ma muryarsa na rawa.

A nan ne na ji zafin rashin Sentinel-1B, ɗaya daga cikin taurarin radar nan. Da taurarin biyu ne, suna wucewa kan wuri ɗaya duk kwana 6. Na biyun ya lalace a Disambar 2021, saura ɗaya, sai duk kwana 12. Kwana 12 a damina tamkar shekara ne. Ba kuma ganin ruwan kaɗai ake buƙata ba, sai an san kwana nawa ya yi a kan shuka. Shinkafa irin FARO 44 da aka fi shukawa tana jure nutsewa na 'yan kwanaki, idan ya daɗe ta ruɓe. FARO 66 da 67 da aka fitar a 2017 don jure ambaliya kan kai kusan mako biyu. Hoto ɗaya ba zai gaya maka ko ruwan jiya ya shigo ko kwana goma ke nan ba.

Don haka muka koma ga mutane. Muka ce duk wanda zai iya isa gonarsa ko kusa da ita ya turo hoto. Hotuna suka yi ta shigowa ta WhatsApp, sai na tarar ba ko ɗaya mai ɗauke da wuri, domin WhatsApp na goge wannan bayanin idan an tura hoto a matsayin hoto. Laifina ne, na sani, na manta ban faɗa ba. Abokiyar aikina ta naɗi saƙon murya na minti ɗaya: a tura hoton, nan take kuma a danna alamar wuri a tura. Ya yi aiki fiye da duk horon da muka ba da a Afrilu.

Da hoton rada ya sauko, na raba gonakin kashi uku. Waɗanda suka yi baƙi ƙirin kuma da hoton mai gona, na tura wa kamfani a ranar. Waɗanda ke nesa da ruwa, an ajiye su. Na tsakiya, masu shinkafa doguwa ko gefen kachalla, su ne jami'an tantancewa za su bi, na tsara musu hanya gari bayan gari.

Na bi su rana ɗaya a kwalekwale. Mai tuƙi yana tura gora, ni ina riƙe da waya a cikin leda, shuɗin ɗigon da ke nuna inda muke na tafiya a hankali har ya shiga cikin zanen gonar dattijon nan na Afrilu. Ba abin da ake gani sai ruwa ja da kan wata bishiyar giginya ƙarama da ya ce ita ce iyakarsa ta gabas. Yana zaune a gaban jirgin, ya nuna ta da haɓa, bai ce komai ba. Zanen da ke wayata ya ƙare daidai gindinta.

13 ga Satumba

Madatsar Alau ta ɓalle a daren 9 ga wata wayewar 10, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri. Gwange, Fori, Kasuwar Monday, asibitin koyarwa, gidan namun daji, duk ruwa. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba yankinmu ba ne, amma ofis ya kira: suna da shaguna da gidaje da motoci masu inshora a can, ko za mu faɗa musu nawa ne ke cikin ruwa? Suka turo adireshi. "Bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a." "Layin mai unguwa, gida na uku." Wani ma akwatin gidan waya ne kawai. A Ingila lambar unguwa kaɗai takan kai ka kan 'yan gidaje, shi ya sa kamfanoninsu ke iya kiran mutum tun kafin ya kira su. Mu sai da muka sami wani ɗan garin a waya, muna karanta masa yana cewa "wannan Gwange ce, wannan Bulumkutu ce, ruwa bai je can ba." Rada kuma a cikin gari ba ta da tabbas, gine-gine na mayar da sigina ta ko'ina. Mun ba su jerin unguwanni kawai, na rubuta a sama cewa ƙiyasi ne.

Abin ya ba ni mamaki da na zauna: manomin da ba shi da lambar gida yanzu mun san gonarsa da kuskuren mita 5, ɗan kasuwar da ke biyan inshora shekara da shekaru kuwa ba a san ƙofar shagonsa ba. Na ba da shawarar duk sabuwar takardar inshora a ɗauki wurin da waya a ranar da aka sa hannu.

28 ga Oktoba

Kashi na farko sun ga kuɗi a asusunsu. Na kashi na uku, waɗanda jami'ai suka bi, suna kan teburin kamfani. Ban kai ga abin da na so ba, amma alkama ba ta wuce su ba tukuna.

Wata matsala ta fito wadda taswira ba ta da bakin magana a kanta. Gona ɗaya, mutum biyu. Sunan da ke takarda na mai gona ne, wanda ya yi noman kuwa aro aka ba shi, shi ya sayi taki, shi ya biya 'yan ƙwadago. A wani wurin jingina ce, a wani kuma gonar gado ce da ba a raba ba, wa ya yi rajista, ƙane ya noma. Wata mata ta zo da ɗanta ta ce gonar tata ce, sunan mijinta kawai aka rubuta don shi ya je layi. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ni ke biya ba, amma zan rubuta yadda kika faɗa." Na rubuta. An mayar da irin waɗannan gaban dagaci da shugabannin ƙungiya.

Akwai kuma mutum biyu da zanen gonarsu ya faɗa kan tudu suka ce ruwa ya ci. Ɗaya ya janye da aka nuna masa hoto. Ɗayan gaskiya ya faɗa: gonaki biyu gare shi, malamin gona ya zagaya ta kusa da hanya, bashin kuwa a ta fadama ya zuba shi.

9 ga Disamba

An harba Sentinel-1C, magajin 1B, ranar 5 ga wata. Idan ya gama gwaji lafiya, ana sa ran a koma kusa da kwana 6 kafin damina mai zuwa.

Fom ɗin baɗi ya sami sababbin tambayoyi: wa ke noma gonar bana, da wane sharaɗi, wane irin shinkafa, kuma gona nawa mutum yake da su. Na nemi a riƙa biyan wakilai a kan kowace gonar da aka zagaya, ba kan suna ba, ba a amsa ba tukuna. Muna kuma son kafa sanduna masu alamar tsayi a bakin fadamu biyar da masunta suka nuna, a sami yaro a kowane gari da zai riƙa ɗaukar hotonsu kullum da safe, don mu san ranar da ruwa ya hau da ranar da ya sauka. Maƙeri ya ce fentin da muka kawo ba zai kai wata biyu a ruwa ba, a nemo na jirgi. Ranar Alhamis zan shiga Kano in duba.